Ƙwayoyin Gado Masu Sarrafa Barci da Girman Tayi a Jatan Landen Ruwan Gishiri

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga wurin da ake ƙyanƙyasar kifin tarwaɗa zai iya ganin wani gwangwani cike da gari mai launin ƙasa, wanda a ido ba a raba shi da rairayi mai laushi. Idan aka ɗebi cokali guda aka zuba cikin ruwan gishiri, aka riƙa hura masa iska a ƙarƙashin hasken fitila, cikin awa 24 ko kusa da haka sai ruwan ya cika da ƴan mitsi-mitsin halittu suna iyo. Da su ake ciyar da ƴaƴan kifi a kwanakinsu na farko. Wannan gari ƙwai ne na wata ƙaramar dabbar ruwa da masana ke kira Artemiya, kuma a giram ɗaya nasa akan sami ƙwai fiye da 200,000.

Wannan takarda ta dubi yadda tayin da ke cikin kowane ƙwai yake tsayar da rayuwarsa cak, ya bushe, ya shekara a ajiye, sa'annan ya farka ya ci gaba daga inda ya tsaya. Abin da bincike ya nuna shi ne, barcin shiri ne da ake ƙullawa tun tayin yana jikin uwa, kuma kowane mataki nasa yana da ƙwayoyin gado da ke ɗauke da nauyinsa.

2.0 Bayanin Wasu Kalmomi

Ƙwayar halitta ita ce mafi ƙanƙantar ɗaki mai rai a jikin dabba ko tsiro, kuma jiki yana girma ne ta hanyar rabuwar kowace ƙwaya gida biyu. A cibiyar kowace ƙwayar halitta akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda bayanin gado yake rubuce a kansa. Ƙwayar gado wani yanki ce ta wannan zare, mai ɗauke da umarnin yadda za a haɗa furotin iri ɗaya. Furotin kuwa shi ne ma'aikacin jiki, wato shi ke gini, shi ke gyara, shi ke buɗewa da rufewa. Idan aka ce ƙwayar gado ta kunnu, ana nufin ana karanta umarninta ana haɗa furotin ɗinta. Saƙon da ke ɗaukar umarnin daga cibiya zuwa inda ake haɗa furotin shi ake kira RNA. Tayi kuma shi ne halitta a farkon ginuwarta, kafin a haife ta ko ta ƙyanƙyashe.

3.0 Artemiya da Mazauninta

Artemiya dangin jatan lande ce da ƙaguwa. Tsawon babba bai wuce santimita ɗaya da ɗan kai ba, tana iyo a rigingine da ƙafafu 22, waɗanda da su take numfashi, da su kuma take tace ƙananan tsirran ruwa da take ci. Ba ta da makamin kare kanta daga kifi, shi ya sa ba a samunta a teku. Mazauninta tafkunan gishiri ne da kududdufan da ake busar da ruwa don yin gishiri. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a lita ɗaya, amma Artemiya takan rayu a ruwan da ya ninka haka sau shida ko bakwai, inda kifi ba ya iya zama.

An fara bayyana ta a rubuce a Turai a shekarar 1755 daga kududdufan gishiri na garin Lymington a Ingila. Akwai ire-irenta da dama: Artemia franciscana a nahiyar Amurka, musamman a Babban Tafkin Gishiri na jihar Yuta, da Artemia urmiana a tafkin Urmiya na Iran, da Artemia sinica a ƙasar Sin. Akwai kuma wasu da mata kaɗai ne, suna haihuwa ba tare da namiji ba. A cikin Sahara ma akwai ta, a tafkunan yankin Fezzan na Libiya, inda a da mutanen da ake kira Dawada suke kamo ta su daka su yi abinci.

Irin waɗannan tafkuna ba su da tabbas. Wasu sukan ƙafe da rani, wasu kuma sanyin hunturu yakan kashe duk manyan da ke ciki. Ƙwai mai barci shi ne abin da ke tsallakar da zuri'a zuwa shekara ta gaba.

4.0 Hanyoyin Haihuwa Biyu da Barci Iri Biyu

Macen Artemiya tana da jakar ƙwai a ƙarƙashin cikinta, kuma tana iya haihuwar ƴaƴa har 300 duk bayan kwana huɗu. Idan yanayi yana da kyau, tayin yakan girma kai tsaye a cikin jakar, a haife shi tsutsa mai iyo. Idan kuwa rana ta fara gajarta, ko zafin ruwa ya sauya, ko gishiri ya ƙaru, sai jikin uwar ya bi hanya ta biyu: tayin ya yi ta rabuwa har ya kai ƙwayoyin halitta kimanin 4,000, sa'annan ya tsaya, a lulluɓe shi da ɓawo mai tauri, a sake shi cikin ruwa. Faɗin irin wannan ƙwai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na milimita.

Wajibi ne a bambanta barci iri biyu. Na farko ana iya kiransa barcin ajiya. Daga cikin tayin yake fitowa, don haka ko da ruwa da iska da ɗumi sun wadata, ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba. Cikin ƴan makonni bayan an sake shi, numfashinsa yakan faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 100 na yadda yake a da. Sai ya sha bushewa, ko ya sha sanyi na tsawon lokaci, kafin wannan kulle ya buɗe. Hikimar a fili take: ƙwan da aka haifa da kaka, in da zai ƙyanƙyashe nan take, tsutsar za ta faɗa cikin hunturu ta mutu.

Na biyu shi ne barcin jira. Bayan kullen ya buɗe, tayin a shirye yake, sai dai in babu ruwa ko iskar oksijin zai ci gaba da kwanciya har su samu. Garin da ke cikin gwangwani a irin wannan barci yake. Wani masani Ba'amurke, James Clegg, ya wallafa a 1997 cewa ya ajiye ƙwai jiƙaƙƙu a inda babu oksijin ko kaɗan har shekara huɗu, kuma fiye da rabinsu suka ƙyanƙyashe bayan an mayar masu da iska. Tun a farkon shekarun 1980 an gano cewa idan oksijin ya ƙare, ruwan cikin ƙwayoyin tayin yakan ƙara tsami, daga kimanin 7.9 zuwa 6.3 a ma'aunin pH, kuma wannan tsami yana daga cikin abubuwan da ke tsayar da aikin furotin.

Kifin gaiwa ma yakan shige laka da rani ya kwanta har damina, amma gaiwa tana ci gaba da numfashi a hankali tana cin kitsen jikinta da tsokarta. Busasshen ƙwan Artemiya ya fi kama da irin gero a rumbu, domin ba a iya auna wani motsin rai a cikinsa.

5.0 Yadda Ake Gane Aikin Ƙwayar Gado

Masu bincike sukan fara da kwatanta tayi mai shirin barci da tayi mai shirin zama tsutsa, su ga waɗanne ƙwayoyin gado suka kunnu a ɗaya ba su kunnu a ɗayan ba. Amma kunnuwa kaɗai ba ta tabbatar da aiki. Hujja takan samu ne ta hanyar toshe saƙon RNA, dabarar da Andrew Fire da Craig Mello suka bayyana a 1998, wadda ta sa aka ba su kyautar Nobel a 2006. Akan yi wa macen Artemiya allurar wani RNA na musamman kafin ta ɗauki ciki, shi kuma ya lalata saƙon ƙwayar gado guda ɗaya a cikin tayinta. Duk abin da ya ɓaci a ƙwan da ta haifa, shi ne aikin wannan ƙwaya. Yawancin sakamakon da ke biye ya fito ne daga ɗakin binciken Thomas MacRae a Jami'ar Dalhousie ta Kanada, da na Yang Wei-Jun a Jami'ar Zhejiang ta ƙasar Sin, da na Steven Hand a Jami'ar Jihar Luwiziyana ta Amurka.

6.0 Ayyuka Uku na Shiga Barci

6.1 Gina ɓawo

Ɓawon ƙwai ba tayin ke yin dukkansa ba. A jikin uwa akwai wasu ƙulli-ƙulli kusa da jakar ƙwai waɗanda ke zubo kayan ginin ɓangaren waje. An gano ƙwayoyin gado biyu, SGEG1 da SGEG2, waɗanda a nan kaɗai suke kunnuwa, kuma a lokacin da uwa ke shirin haihuwar ƙwai mai barci. A binciken da aka wallafa a 2009 da 2011, da aka toshe su sai ɓawon ya fito da naƙasa, tayin kuma ya kasa jure hasken rana mai ƙuna da bushewa da yawan gishiri. Wannan ya nuna cewa kariya ta farko daga ƙwayoyin gadon uwa take fitowa.

6.2 Kare abin da ke ciki

Zafi da bushewa suna ɓata furotin kamar yadda wuta ke daskarar da farin ƙwan kaza: siffarsa ta warware, ya manne da ƴan'uwansa, ya daina aiki. Domin hana haka, tayin yakan tara wasu furotin da ake yi wa laƙabi da ƴan rakiya, masu riƙe furotin da ya fara warwarewa har wahala ta wuce.

Mafi shahara shi ne p26. Tayi mai shirin barci kaɗai ke yinsa da yawa, har yakan kai fiye da kashi 10 cikin 100 na furotin ɗin da ba na gwaiduwa ba. Idan oksijin ya ƙare, wani kaso nasa yakan shige cibiyar ƙwayar halitta, in iska ta dawo ya fito. A 2012 Allison King da MacRae suka toshe ƙwayar gadonsa, sai abubuwa uku suka faru: ginuwar tayin a jikin uwa ta yi jinkiri, ƙwan ya rasa juriya, kuma mafi yawan ƙwan suka ƙyanƙyashe da kansu ba tare da sun sha bushewa ko sanyi ba. Ke nan p26 yana da hannu a riƙe kullen barcin kansa, ban da aikinsa na kariya. Yana da ƴan'uwa biyu, ArHsp21 da ArHsp22, waɗanda su ma ake samu a ƙwai mai barci.

Na biyu shi ne artemin, wanda ya yi kama da furotin ɗin da ke ajiye sinadarin ƙarfe a jikin dabbobi, ko da yake shi ba ya ajiye ƙarfe. Yana jure zafi ƙwarai. Da aka toshe shi a 2014, ƙwan ya rage juriyar bushewa da daskarewa, uwar kuma ta ɗauki lokaci fiye da yadda aka saba wajen sakin ƙwanta.

Na uku su ne furotin da ake kira LEA, waɗanda aka fara ganowa a cikin angurya a farkon shekarun 1980, domin irin shuka ma yakan tara su gab da bushewarsa. A cikin ruwa ba su da tsayayyar siffa, sai ruwa ya janye suke naɗewa su tallafi fatar ƙwayar halitta da sauran furotin. Artemiya tana da su iri-iri, wasu a ruwan ƙwaya, wani kuma mai suna AfrLEA3m a cikin maitokondiriya, wato murhun da ƙwaya ke samar da ƙarfi a cikinsa. Toshe rukuni ɗaya nasu a 2014 ya rage adadin ƙwan da ke tsira daga bushewa da daskarewa.

Tare da waɗannan furotin akwai wani sukari mai suna tirihalos, wanda yake kusan kashi 15 cikin 100 na nauyin busasshen ƙwai. Idan ruwa ya fita, sukarin yakan maye gurbinsa ya daskare kamar gilashi, ya riƙe komai a wurinsa. Da tirihalos da LEA aiki ɗaya suke yi tare, kowanne yana ƙarfafa ɗayan.

6.3 Tsayar da rabuwar ƙwayoyi

Tayi abu ne da aikinsa rabuwa, don haka tsayar da shi yana buƙatar dabara. Zaren DNA a naɗe yake a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a jikin mazari. Inda naɗin ya yi sako-sako ana iya karanta umarni, inda ya matse kuwa ba a iyawa. A 2017 masu bincike na Jami'ar Zhejiang suka nuna cewa ƙwayar gado SETD4 tana kunnuwa sosai a tayi mai barci, furotin ɗinta kuma yana sa wata alama a kan histon mai lamba H4, alamar da ke tafiya da matsewar naɗi. Da aka toshe SETD4, alamar ta ragu, tayin kuma bai tsaya ba: rabuwar ƙwayoyi da ginuwar jiki suka ci gaba a lokacin da ya kamata su daina. Haka kuma wasu furotin biyu masu ingiza rabuwa, Plk1 da RSK, a kashe suke a lokacin barci, alhali a tayin da zai zama tsutsa kai tsaye suna aiki.

7.0 Farkawa da Girman Tayi

Busasshen ƙwai a lotse yake ta gefe ɗaya. Idan ya shiga ruwa, cikin awa ɗaya ko biyu yakan kumbura ya zama kewayayye, numfashi ya dawo. Daga nan tayin yakan mai da tirihalos zuwa abu biyu: abincin da zai ƙona don ƙarfi, da wani sinadari mai suna gilisirol. Gilisirol yana taruwa a ƙarƙashin ɓawo yana jawo ruwa ciki har matsi ya fasa ɓawon. Tayin yakan fito yana rataye a ƙarƙashin ɓawon cikin wata siririyar fata, kamar mai riƙe da laima, kafin ya yage ta ya fara iyo. A ɗumin digiri 25 zuwa 28 duk wannan yakan kammala cikin yini da dare.

Abin lura a nan shi ne, daga jiƙewa har zuwa fashewar ɓawo babu rabuwar ƙwayoyin halitta. Da ƙwayoyin nan 4,000 tayin ke gina siffar tsutsa, ta hanyar sauya masu wuri da aiki, yana amfani da saƙonnin RNA da aka ajiye tun kafin barci da kuma sababbi. Rabuwa takan dawo ne a wajen ƙyanƙyashewa. Bincike na 2008 ya nuna cewa RSK yana kunnuwa a daidai wannan lokaci, kuma hana shi aiki yakan haifar da tsutsa mai naƙasa. Wata ƙwayar gado mai suna DEK, kamar yadda aka wallafa a 2019, tana taimakawa wajen sassauta naɗin da ya matse a lokacin barci. A ɗaya ɓangaren kuma, p26 da LEA sukan ɓace daga jikin tsutsa, domin aikinsu ya ƙare.

Tsutsar farko ba ta kai rabin milimita ba, tana da ido ɗaya da gaɓoɓi shida, kuma tana rayuwa da sauran gwaiduwar da ke jikinta. Tana girma ne ta hanyar ƙara gaɓa bayan gaɓa daga baya, tana saɓa kusan sau 15 kafin ta balaga cikin mako biyu ko makamancin haka. Ƙwayar gado mai suna caudal ce ke kula da wannan ƙari: da aka toshe ta a 2004, jikin ya fito guntu, babu gaɓoɓin baya. Waɗanda ke faɗa wa kowace gaɓa abin da za ta zama kuwa su ne ƙwayoyin Hox. Michalis Averof da Michael Akam sun nuna a 1995 cewa uku daga cikinsu suna kunnuwa tare a duk tsawon ƙirjin Artemiya, abin da ya dace da yadda ƙafafunta suke iri ɗaya, alhali a jikin ƙwari kowace tana da yankinta. A 2002 kuma aka nuna cewa furotin Ubx na ƙuda yana hana ƙafa fitowa, na Artemiya kuwa ba shi da wannan ƙarfi sosai, wanda hakan yana taimakawa wajen fahimtar dalilin da ya sa ƙwaro yake da ƙafa shida kawai.

A 2021 masu bincike na Jami'ar Ghent ta Beljiyam suka wallafa taswirar DNA ɗin Artemia franciscana, mai haruffa kusan biliyan ɗaya. Wannan ya sauƙaƙa neman sauran ƙwayoyin gado da ke cikin wannan tsari.

8.0 Amfanin Wannan Ilimi

Amfani na farko a kiwon kifi yake. Tun a shekarun 1930 Alvin Seale a Amurka da Gunnar Rollefsen a Norwe suka nuna cewa tsutsar Artemiya abinci ce mai kyau ga ƴaƴan kifi, kuma a 1978 aka kafa cibiya ta musamman a Jami'ar Ghent don nazarinta. Ƙwan da aka kwaso daga tafki sau da yawa yana cikin barcin ajiya, sai an busar da shi ko an ajiye shi a sanyi na makonni kafin ya yi amfani. Idan ba a karya barcin da kyau ba, mai kiwo zai sayi gwangwani da tsada ya sami ƙyanƙyasa kaɗan. Haka kuma gwangwanin da aka buɗe aka bari a wuri mai laima, tayin zai fara farkawa ya ƙone ajiyarsa ya mutu, shi ya sa ake rufe shi da kyau a ajiye a wuri mai sanyi.

Na biyu a fannin lafiya yake. A 2012 aka sa ƙwayoyin gadon LEA na Artemiya cikin ƙwayoyin hantar ɗan'adam da ake renonsu a ɗakin bincike, aka haɗa da tirihalos, aka busar da su. Mafi yawansu fatarsu ba ta fashe ba bayan an mayar masu da ruwa, alhali waɗanda ba a yi wa wannan tanadi ba sun lalace. Burin irin wannan aiki shi ne ajiye ƙwayoyi da magunguna a bushe ba tare da firji ba. Sa'annan a 2019 aka nuna cewa SETD4 tana da hannu a kwanciyar wasu ƙwayoyin ciwon dajin nono, waɗanda sukan yi lamo su tsere wa magani, daga baya su farka cutar ta dawo.

Na uku shi ne kiyaye tafkunan kansu. Babban Tafkin Gishiri na Yuta, wanda kaso mai yawa na ƙwan da ake sayarwa a duniya ke fitowa daga gare shi, ya sauka zuwa mafi ƙarancin ruwa da aka taɓa aunawa a watan Nuwamba na 2022, tafkin Urmiya kuma ya ƙafe ƙwarai tun daga ƙarshen shekarun 1990. Ƙwai mai barci yana iya jira, amma idan gishiri ya wuce ƙima ba ya iya jawo ruwan da zai fasa ɓawo.

9.0 Kammalawa

An ga cewa barcin tayin Artemiya yana bin matakai a jere. Uwa ce ke karanta yanayi ta zaɓi hanya. SGEG1 da SGEG2 suna gina ɓawo, p26 da artemin da LEA tare da tirihalos suna kare abin da ke ciki, SETD4 tana tsayar da rabuwa, RSK da DEK suna mayar da ita, caudal da Hox kuma suna tsara jikin tsutsa. Hujjar aikin kowace ita ce abin da ya ɓaci da aka toshe ta.